Ciyawa a Gonar Malam Isiya

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda na baro Agadas ba, don kowa ya san yadda ake barin gida: ana kuka, ana addu'a, ana cusa maka kayan da ba ka da wurin sa su. Labarina ya fara ne a tashar Katsina, kwana uku bayan fitowata, ina tsaye da jaka a kafaɗa da buhu a gabana, ƙafafuna sun kumbura saboda zaman mota. Sunana Sidi. Aikina a gida shi ne kula da masu noman garka, wato noman da ake yi da ruwan rijiya, su albasa da alkama da tumatir. Ofishinmu ya ba ni hutun karatu in je jami'ar Dutsin-Ma a Najeriya in koyi noman damina, in dawo da digiri na biyu. Damina biyu aka ba ni, ba uku ba. Shugabana ya maimaita mini wannan sau biyu, ya ce in na wuce haka, kujerata ta zama ta wani. Na bar matata Fatimata da jaririya a baya, kuma da kujerar nan muke ci.

A tashar wani mutum ya tarye ni, da hularsa mai kyau da carbi a hannu. Ya ce Dutsin-Ma? Na ce Dutsin-Ma. Ya nuna mini mota ya ce in shiga in kama wuri kusa da taga, shi zai kai buhuna wurin masu ɗauri. Har godiya na yi masa, ina cewa a raina lallai Katsinawa akwai kirki. Mota ta cika, direba ya tayar, na leƙa na tambayi buhuna, direban ya ce wane buhu? Babu wanda ya san mutumin, babu wanda ya ga inda ya bi. A cikin buhun akwai cukun da mahaifiyata ta yi wata guda tana tara mini, da dabino, da butar shayina da 'yan kofunanta. Takarduna suna cikin jaka, Allah ya rufa asiri. Amma da a ranar aka ce in zaɓa tsakanin takardun da butar, ban tabbata takardun zan zaɓa ba.

Kowa a motar ya tofa albarkacin bakinsa. Wani ya ce ai baƙo ko da ido makaho ne, wani ya ce in gode wa Allah ba rai ba ne. Wata dattijuwa da ke bayana ta bari sai da muka tsaya la'asar a Kurfi. Ina fitowa daga masallaci ta miƙo mini dafaffen rogo da ƙuli, ta tambaye ni gidan wa zan sauka. Na ce gidan Allah. Ta yi dariya ta ce wannan gidan ba a kwana cikinsa da jaka, akwai shago a ƙofar gidanta da ba kowa ciki, in zo in gani. Ni da maciji ya sara ɗazu-ɗazun nan, tsumma ma tsoronsa nake ji, amma ba ni da wata dabara. Haka na bi ta. Hajiya Yalwa ke nan, wadda na zauna a shagonta har na bar garin, kuma ba ta taɓa kirana da sunana ba sai dai Buzuna.

Shekarar farko Turanci ne ya cinye ta. Da Faransanci na yi karatuna tun daga firamare, sai ga ni a aji ana zuba Ingilishi kamar ruwan sama, ina kama kalma ɗaya uku suna wucewa. Na yi kewar gida har na rame. Shayin garin ma bai taimaka ba: a cika maka kofi kamar za ka yi alwala, a zuba madara, a ce wai shayi ne. Hajiya ta lura ba na sha, ta bi kasuwa ta samo mini wata ƙaramar buta mai lotsattsen gefe, ta ajiye a ƙofar shago. Daminar farko ta zo ta wuce ina fama da darussa da ƙamus. Na tsaya a ƙofar shago na kalli ruwan da aka yi a yini ɗaya, wanda mu a gida sai mu yi shekara ba mu ga irinsa ba, na ce a raina saura damina ɗaya.

Malamar da aka ba ni ta duba bincikena ita ce Dakta Hauwa, gajeriyar mace mai saurin tafiya, wadda ba ta rabuwa da alli a jikin mayafinta. Tun ranar farko na ga hanyar koyarwarta ba ta yi mini ba. A inda na yi karatu, malami na magana ɗalibi na rubutu, shi ke nan. Ita kuwa a farkon zango sai ta kawo jerin darussa ta shimfiɗa wa 'yan aji uku, ta ce kowa ya nuna abin da ya riga ya sani daga gida, da abin da yake ganin an manta ba a sa ba. Wani darasin ma ɗalibi ne zai tsaya ya koyar, ita ta koma benci tana tambaya. Kowace Alhamis kuma akwai zama a gindin wata bishiyar bedi bayan ofishinta, inda duk mai matsala a aikinsa zai kawo, malami ne ko ɗalibi, a taru a kanta. Ni a ganina wannan lalaci ne aka yi wa kwalliya. Na ce yaushe za a biya mutum albashi yara su yi masa aikinsa? Ban faɗa a fili ba, amma fuskata ba ta iya ɓoye abu, kuma na san ta gani.

Binciken da muka tsayar mai sauƙin faɗi ne. Ana so a san yawan geron da manomi ke asara in ya makara da noma, ko in ya yi noman firi kawai bai yi maimai ba. Za a raba gona gida goma sha biyu. Gida huɗu a nome su sau biyu, huɗu sau ɗaya, huɗu kuma a bar su ba a taɓa ba ko kaɗan, don da su za a gwada sauran. Dakta ta haɗa ni da wani ɗalibinta na aji uku, Nasiru, mutumin Tamawa ta ƙasar Kurfi, wanda mahaifinsa ya yarda ya ara mana gona. Ta ce mini Nasiru abokin aikina ne, in zauna da shi in warware masa komai daga tushe, in kuma saurari abin da zai ce. Na ce to.

Ban yi ba. Ba don mugunta ba, sai don ban ga abin da ɗan aji uku zai ƙara mini ba, ni ma'aikacin gwamnati mai gemu da iyali. Na ba shi igiyar awo ya riƙe, na ba shi turaku ya kafa, in na ce nan ya ce nan. Nasiru dogo ne mai yawan murmushi, kuma yana da ladabin da ke hana shi tambayar babba abin da babban bai faɗa ba. Sau ɗaya ya ce mini wancan ɓangaren fa ciyawa ta fara yawa. Na ce na gani, ya bar mini wannan. Ya ɗauka ina nufin zan nemi lokacin nome shi, ni kuma na ɗauka na gama bayani.

Mahaifinsa, Malam Isiya, tsoho ne siriri mai ƙarfin hannu. A Tamawa da gonarsa ake misali. In uba zai zagi ɗansa malalaci, sai ya ce je ka ga gonar Malam Isiya ka dawo. Duk zuwana sai ya sa an kawo mini fura, ya zauna yana tambayata yadda ake noma a ƙasar da ba ruwan sama, yana girgiza kai yana cewa Allah mai iko. Na kan gan shi yana satar kallon gidajen nan huɗu da ciyawar harkiya ta fara rufewa, ya kawar da kai. Shi ma kunyar baƙo ta hana shi magana.

Muna gama noman firi da kwana kaɗan zazzaɓi ya kayar da ni. Sauron gona bai san ni ba a baya, da ya same ni kuwa bai yi mini da wasa ba. Kwana goma sha ɗaya na yi a kwance. Hajiya ta sa aka kai ni asibiti, ta dawo da ni, ta riƙa dama mini kunun tsamiya tana tsaye sai na shanye, tana faɗan cewa ba za a ce Buzu ya mutu a shagonta ba. Nasiru ya zo dubiya sau uku. Na tambaye shi gona, ya ce in kwantar da hankalina, gona tana hannu. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai.

Ranar da na fara jin ƙarfi ya zo da babur da hantsi, fuskarsa kamar an yi masa albishir, ya ce in daure in hau, akwai abin da zan gani. Tun kafin mu kai na fara jin ganga. Na ɗauka biki ake a garin. Da muka karyo kwana sai na hango mutane sun kai talatin sun jeru a gonata, kowa a sunkuye da hauyarsa, makaɗi na bin su a baya, mata na sauke ƙoren fura a gindin gawo. Kunya ta ƙarshe suke nomewa. Gonar nan daga wannan kai zuwa wancan ta yi fes, ko tsinken ciyawa babu. Turakuna kuwa, da yake suna tare hauya, an tuge su duka, an ɗaure su dami guda da igiya, an jingine mini a jikin bishiya don kada ko ɗaya ya ɓata.

Gayya aka yi mini. Ni ɗan birni ne daga ƙasar garka, inda kowa ke bin rijiyarsa. Na san kalmar, amma ban taɓa kawowa a raina za ta faɗo a kaina ba. Ashe tun da aka ji na kwanta, Nasiru ya bi gida-gida yana gayyato mutane, mahaifinsa ya ba da hatsin fura, kowa ya bar tasa gonar a tsakiyar damina ya zo tawa.

Malam Isiya ya taho yana share gumi, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam Sidi, sannu da jiki. A garinga ba a kwanta ciwo gona ta mutu. Da kai da ɗiyanmu duk ɗai ne."

Mutane suka taru suna kallona, suna jiran su ga murnata. Zan ce wa mutum talatin da suka bar gonakinsu sun ɓata mini aiki? Abin da ya fito daga bakina shi ne Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Hawaye suka zubo mini, suka ɗauka na farin ciki ne, wani tsoho ma ya ce Allah sarki, baƙon nan akwai sanin alheri. Na zauna na sha furar da aka dama saboda ni. Ban taɓa jin ƙauna da baƙin ciki sun haɗu mini a ƙoƙo ɗaya irin na ranar ba.

Da yamma na kira Fatimata da niyyar in gaya mata ta fara shirin ganina hannu rabbana. Kafin in yi magana ta ce yarinya ta fara cewa baba, ta kara mata wayar a baki. Na kasa faɗin abin da ya sa na kira.

Washegari na je ofishin Dakta na zayyana mata komai. Na zaci za ta yi faɗa, ko ta tausaya mini. Ta saurara har na gama, sannan ta yi tambaya ɗaya: Nasiru ya san dalilin da ya sa aka bar ciyawar? Na ce ban ga buƙatar hakan ba.

"Sati shida yana riƙe maka igiya, bai san abin da ake aunawa ba?"

Na ce bai sani ba. Ta ce ita ma ba ta san mafita ba, don lokacin shuka ya wuce, kuma ba za ta yi mini ƙaryar tana da dabara a aljihu ba. Ta ce in kawo maganar gindin bedi ranar Alhamis. Na roƙe ta ta rufa mini asiri, kada ta tsayar da ni gaban yara. Ta ce ita ma ta sha tsayawa a wurin da nata kuskuren, kuma har yau ba ta ga abin da ya ragu a jikinta ba.

Ranar Alhamis na tsaya gaban ɗalibai kusan ashirin, da Turancina mai ɗingishi, da ya gaza na koma Hausa. Da na kai wurin damin turaku, wurin ya fashe da dariya, har Dakta sai da ta rufe baki da mayafi. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Nasiru yana zaune a ƙarshen benci, kansa a ƙasa. Sai a lokacin na tuna ko shi ban gaya wa ba kafin in zo, a gaban jama'a yake jin cewa alherin da ya yi yawo gida-gida ya haɗa shi ne ya rusa aikin. Da aka yi shiru ya ɗago.

"Malam Sidi, da ka hwaɗa mani. Kalma ɗai ta isa. Ni na zaci ciwo ne ya hana ka, ashe ni ne ba a ɗauka a bakin komi ba."

Maganar ta shige ni, don gaskiya ce tsagwaronta. Na ce masa a gaban kowa laifina ne, girman kai ne ya hana ni, ya yafe mini. Ya dai gyaɗa kai. Sai da aka tashi ya zo ya karɓi jakata ya riƙe mini kamar yadda ya saba, na gane an wuce wurin.

Wata ɗaliba mai suna Zulai, wadda ban taɓa jin muryarta ba sai ranar, ita ce ta buɗe hanya. Ta ce ita ba ta ga dalilin da za a ce sai an ƙirƙiri makara a gonar gwaji ba, alhali kowane ƙauye cike yake da waɗanda suka makara da gaske: wanda ya yi jinya, wanda ya tafi noman wasu kafin nasa, wanda ya jira shanun huɗa. Ta ce kowannensu nan ɗan manomi ne ko jikan manomi, kowa zai iya bin gona uku a garinsu, ya rubuta ranar shuka da ranar firi da ranar maimai, in kaka ta yi a auna abin da aka samu. Kafin ta rufe baki wasu sun fara ƙirga gonakin da suka sani. Dakta ta jawo takarda ta koma marubuciya, su suna faɗa tana rubutawa. A zaman nan aka soke aikin zangon da ta riga ta tsara musu, aka maye gurbinsa da wannan, da yardar kowa.

Na rubuto tambayoyin da za a yi wa manoma, suka yi musu kaca-kaca. Na sa a tambayi mutum me ya sa ya makara, suka ce wannan zagi ne, sai dai a tambaye shi yadda damina ta zo masa, shi da kansa zai faɗa. Na sa a tambayi dami nawa ya samu, suka ce ba mai faɗa wa baƙo wannan, sai dai a roƙi izinin auna 'yar kusurwa ɗaya ranar girbi. Na soke, na gyara, na sake sokewa. A sati ɗaya na koyi abin da shekara guda ba ta koya mini ba, kuma daga bakin waɗanda na ce ba su da abin ƙara mini.

Amma da saura. Dakta ta gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa masu jarraba ni za su nemi gonar da ba a nome ba sam, wadda za a gwada sauran da ita, kuma ba manomi mai hankali da zai bar irin wannan. In babu ita, aikin zai iya tsayawa, zai iya faɗuwa, ita ba za ta yi mini alkawari ba.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma ina zaune a ƙofar shago sai ga Nasiru da mahaifinsa. Hajiya ta aiko da tabarma da ruwa. Malam Isiya ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jiki, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce yaro ya yi masa wani bayani, amma yana so ya ji daga bakina, a hankali. Na tsuguna na zana masa gida goma sha biyu a ƙasa. Ya kalla ya ce ai ko yaron goye ya san ciyawa na kashe gero, mene ne na aunawa? Na ce kowa ya san tana kashewa, amma ba a san nawa take kashewa ba, kuma mutumin da hannu ya yi masa kaɗan yana buƙatar sanin wane noman ne zai iya jinkirtawa, wane ne in ya jinkirta ya shiga uku. Ya daɗe yana kallon zanen, ya ce to wannan tambaya ce.

Sai ya ce yana da wata gona da shukar farko ta ƙone, ya sake shukawa a makare, har yanzu hauya ba ta taɓa ta ba. In tana da amfani, a kafa turakun a can. Nasiru ya yi saurin cewa, "Baba, ta bakin hanya ce hwa. Duk mai zuwa Kurfi ta nan yake bi." Tsohon ya ce ya san inda gonarsa take. Na gane abin da yake shirin bayarwa, na ce ba zan iya karɓa ba, ni na yi kuskure, bai kamata shi ya biya ba.

"Kai ba ka yi bayani ba, mu muka yi gaggawa, yaro bai tambaya ba," in ji shi. "Mu ukku muka ɓata, mu ukku za mu gyara."

Wannan karon sai da muka zauna mu huɗu a bakin gonar, har da Dakta, kafin a kafa turke ko ɗaya. Na fito da zanena na gidaje masu kusurwa huɗu daidai wa daida, Malam Isiya ya ce ba zai yiwu ba. Ya nuna gefen da Fulani suka kwana da shanu bara, ya ce duk gidan da ya faɗa can zai yi kyau ko an nome ko ba a nome ba, sai in ɗauka ciyawa ba ta da laifi. Nasiru ya kawo shawarar a ja gidajen a tsaye, kowanne ya ratsa wurin takin da jigawar. Dakta ta duba ta ce sun fi mu gaskiya. Haka aka yi.

Abin da tsohon nan ya sha a watanni ukun da suka biyo baya, ni shaida ne. Gida huɗu a bakin hanya, a gonar mutumin da ake misali da shi, ciyawa ta tashi har ta fi geron tsawo. Masu zuwa kasuwar Kurfi suna rage gudu su leƙa. Abokan wasansa suka samu abin yi: wannan ya ce ko hauyar ta ɓace a ara masa, wancan ya ce tsufa dai ba ya sallama. Ya yi bayani sau ɗaya a ƙofar masallaci, aka ƙara yin dariya, aka raɗa wa wurin suna ciyawar boko. Wasu masu tausayi ma suka fara shirya masa gayya a ɓoye, sai da Nasiru ya bi su gida-gida yana ba da haƙuri, kamar yadda ya bi su a karon farko yana gayyata. In tsohon ya zo noman sauran gidajen, sai ya juya wa waɗannan baya. Na taɓa ganin hannunsa ya kai kan wata harkiya a bakin iyaka, ya riƙe ta, ya sake ta, ya ce a'uzu billahi. Na so mutumin nan kamar mahaifina, kuma kullum na zo sai in ji kunyarsa ta kama ni.

Ranar kare bincike ba ta da wani labari. An tambaye ni, na amsa, na wuce, na koma gida kwana tara kafin hutuna ya ƙare, na tarar da kujerata. Littafin binciken yana ɗauke da sunayen ɗalibai goma sha tara a shafin farko, kuma Dakta ta ce tun daga lokacin kowace damina 'yan aji uku ke zaɓar abin da za su bi a gonakin garuruwansu. Amma ni a wurina karatun ya ƙare ne tun ranar girbi a Tamawa.

Ranar nan ɗalibai suka zo da sikeli da buhuna, Dakta ta ɗaure mayafi a ƙugu. Aka girbe gida-gida, ana aunawa, Zulai na rubutawa a littafi. Gidajen ciyawa aka bari ƙarshe. 'Yan zangarniyoyin da aka tsinto a cikinsu ko buhu ɗaya ba su cika ba. Malam Isiya yana tsaye a gefe tun safe, hannunsa a baya. Dakta ta karɓi littafin, ta bi lambobin da yatsa daga sama har ƙasa, ta ɗago ta ce, "Malam Sidi, ka samu abin rubutawa." Na zauna a kan kunya ina hamdala.

Tsohon ya matso ya tambaye ni, "An gama awon?" Na ce an gama, Baba. Ya ce ba sauran abin da za a duba a cikinta? Na ce babu.

Sai na ga abin da ke hannunsa a baya tun safe. Hauya ce. Ya tuɓe hula ya miƙa wa Nasiru, ya shiga gidan farko ya sunkuya. Ciyawar ta riga ta bushe ta zubar da iri, gero ya bar gonar, noman ba zai ƙara wa kowa ƙwaya ɗaya ba. Na tashi zan ce masa ya bar wa dabbobi su cinye, Nasiru ya riƙe mini hannu.

"Ƙyale shi, Malam. Wata ukku shina jiran ranar nan."

Muka tsaya a bakin hanya, malama da ɗalibai da baƙo, muna kallonsa yana bin kunya ɗaya bayan ɗaya, bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshe.